Daga Kadarko Zuwa Gadar Ƙarfe: Tarihin Ƙetare Ruwa a Hanyar Kano Zuwa Katsina da Batun Sabunta Shimfiɗar Gadoji



Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Kano ya nufi Katsina, ya bi ta Bici da Tsanyawa, ya wuce Gidan Mutum Ɗaya, ya ratsa Kankiya ya fita ta Caranci, zai hau gadoji da kwalbatoci masu yawa, amma da wuya ya lura da ko ɗaya daga cikinsu. Haka al'amarin gada yake. Ba a tunawa da ita sai ranar da ta karye, ranar da motoci suka yi jerin gwano, mai kai mara lafiya babban asibitin Kankiya ya tsaya a bakin ruwa yana kallon ƙetare, manomin ƙasar Kusada kuma ya mayar da buhunansa gida.

A 'yan shekarun nan ana ta magana a tsakanin injiniyoyin duniya game da wata dabara ta ceto tsofaffin gadoji, watau a ɗauke shimfiɗarsu ta ƙarfe ko ta kankare wadda ta gaji, a musanya ta da wata mara nauyi da aka yi da zaren gilashi da ƙaron roba. Nufina a yau shi ne mu ɗora wannan dabara a kan ma'aunin tarihinmu. Zan bi yadda mutanen wannan yanki suka riƙa ƙetare ruwa tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau, domin in nuna abu guda: kowane sabon kayan gini yakan zo ne da alkawarin cewa an huta da gyara, tarihi kuwa bai taɓa cika wannan alkawari ba. Ran gada yana hannun mai duba ta.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san sassan gada, kuma ɗakin soro ya ishe mu misali. Harsashin gada yana cikin ƙasa, ƙarƙashin yashin kogi. A kansa ginshiƙai suke tsaye, kamar bangon ɗaki. A kan ginshiƙai ake gitta dogayen ƙarafa ko sandunan kankare, waɗanda suke matsayin azara. Sa'an nan a bisa su ake yin shimfiɗa, wadda ita ce tayar mota take takawa, rana ta doke ta, ruwa ya kwanta a kanta. Saboda haka ita ce ke fara gajiya, kuma a kanta maganarmu za ta fi tsayawa.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Katsina tudu ce mai raba ruwa. Wasu kogunanta suna gangarawa yamma su faɗa Rima, wasu kuma su yi gabas wajen tafkin Cadi. Da yake kusa da mafarinsu muke, galibinsu ba su riƙe ruwa duk shekara. Da rani yashi ne zalla, har a haƙa shi a nemi ruwan sha. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, sai su cika su batse cikin sa'a guda, su janye bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wannan hali na kogunanmu shi ya tsara tafiye-tafiyen kakanninmu. Fatake sun san lokacin tashi da lokacin zama, ayarin goro mai zuwa Gwanja da na gishiri da kanwa duk da rani suke tafiya. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya bar Katsina a ƙarshen Janairu na 1851, ya bi ta Kusada, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu. Tafiya ce ta tsakiyar rani, lokacin da matafiyi ba ya bukatar gada ko kaɗan. Wannan ya nuna mana cewa Kusada tana kan babbar hanyar fatauci tun kafin a san mota, ya kuma nuna cewa hanyar ta wancan zamani ta rabin shekara ce.

Inda ruwa ya zama dole a ƙetare shi, dabara biyu aka sani. Ta farko ita ce fito. A manyan koguna akwai masu fito, da kwalekwale ko da manyan gora, suna ƙetarar da mutane da kaya a biya su. Har yau idan kun ji ana cewa kuɗin fito a labaran rediyo, ana nufin harajin shigo da kaya, to daga bakin kogi kalmar ta taso. Dabara ta biyu ita ce kadarko, watau a gitta itatuwa a kan ƙorama ko kwazazzabo, a jera rassa, a zuba ƙasa. Kadarko ba ya daɗewa, gara tana ci, ruwa yana ɗauka. Amma yana da mai shi. Mutanen gari su suka yi shi, sun san ranar da ya fara lotsawa, kuma in ya tafi mai gari zai kira gayya a sake wani.

Haka kuma magina suke yi da gidaje. Ba wanda ya taɓa gina soro ya ce ya gama da shi har abada. Kowace shekara ana duba indararo kafin ruwa ya sauka, ana yaɓe bayan ya ɗauke. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina ta kai ƙarnuka tana tsaye, ba don ƙasar da aka gina ta da ita ta fi ta sauran gine-ginen da suka rushe ba, sai don gyare-gyaren da aka yi mata. Ina roƙon ku riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Zamanin Ƙarfe

Masu nazarin harshe sun nuna cewa ita kanta kalmar gada baƙuwa ce a Hausa. An aro ta ne daga sunan da Ingilishi ke kiran dogon ƙarfen nan da ake gittawa a kan ginshiƙai, kamar yadda aka aro kwalbati da kwalta da siminti. Ashe ke nan tun daga sunanta, gada da ƙarfe tare suka iso mana.

A Ingila aka fara wannan sana'a. A 1779 aka kafa gadar farko ta zubin ƙarfe a kan kogin Severn, a 1856 kuma Henry Bessemer ya fito da hanyar sarrafa baƙin ƙarfe mai ƙwari da yawa kuma da araha. Jirgin ƙasa shi ya kawo wannan fasaha ƙasarmu. Dogo ya iso Kano a 1911. Da farko a Jebba sai an ɗora taragai a kan jirgin ruwa a ƙetare Kwara da su, har aka gama gadar wurin a tsakiyar yaƙin duniya na farko. Ta Makurɗi a kan Binuwai, wadda jirgi da mota suke hawa, an buɗe ta a 1932. Akwai kuma 'yar ƙaramar gadar ƙafa da Gwamna Lugga ya sa aka kafa a Zungeru a 1904, wadda daga baya aka kwance aka kai Kaduna, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Wannan 'yar gada ta nuna wata falala ta ƙarfe: ana iya kwance shi, a ɗauka, a sake ɗaurawa, a canja abin da ya lalace a bar mai kyau.

Dogon Turawa bai bi ta Kankiya ba, bai kuma shiga birnin Katsina ba. Reshen da ya tashi daga Zariya ta Funtuwa ya bi, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka tun da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano a 1912, gyaɗar tsakiyar ƙasar Katsina a bayan jakuna da raƙuma take tafiya, daga baya motoci suka karɓa. Mota kuwa ba ta da haƙurin jaki, ba ta iya yashi, ba ta jiran kogi ya janye. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, En'e ta duƙufa a kan aikin hanyoyi, kuma ba a ɓoye yake ba cewa da ƙarfin talakawa aka yi yawancinsa, sau da yawa ba da son ransu ba. Hanyoyin nan iri biyu ne a takardun Turawa, akwai na rani kaɗai, akwai na dukan shekara, kuma abin da ya raba su shi ne gada da kwalbati.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wani nau'i. Wani injiniyan Ingila, Donald Bailey, ya tsara gadar soja wadda ake haɗawa da gunduwa-gunduwar ƙarfe, kowace mutum shida za su iya ɗauka, a shimfiɗa katako a kai, ba tare da injin ɗaga kaya ba. Bayan yaƙi irin wannan gada ta bazu a Afirka. Ko gadar Onica a kan Kwara, wadda aka gama a 1965 aka kuma fasa wani sashenta a yaƙin basasa, da irin wannan gada aka fara haɗe inda ya karye. An yi ta ne don wucin gadi, amma a wurare da yawa wucin gadin ya zama zaman dindindin.

A nan ne wani babban canji ya auku wanda ba a cika lura da shi ba. Kadarko na mutanen gari ne. Gadar ƙarfe ta gwamnati ce. Maƙerin gari bai san yadda aka yi ta ba, mai gari ba shi da izinin taɓa ta. Muddin akwai leburorin hanya na En'e da na Ma'aikatar Ayyuka, masu zama a sansani kowane 'yan mil suna share magudana suna shafa fenti, abin yana tafiya. Ranar da aka raunana wannan tsari, sai gada ta zama marainiya.

Zamanin Siminti da Rodi

Bayan samun mulkin kai, musamman a shekarun 1970 da kuɗin man fetur ya shigo, kankare mai rodi a ciki ya kori ƙarfe zalla daga yawancin ayyukan hanya. Galibin gadoji da kwalbatocin da ke hanyoyin Kankiya da Kusada a yau irin wannan ne. Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar a riƙa samar da rodin a gida. An fara aikin Ajakuta a 1979, an kuma kafa masana'antun murza ƙarfe guda uku a Jos da Oshogbo da Katsina. Ta Katsina ta fara aiki a 1982, an tsara ta fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara, da ɗanyen ƙarfen da za a riƙa kawowa daga Aladja. Da ɗanyen ƙarfen ya yanke sai aiki ya ja baya, daga bisani aka sayar da ita ga 'yan kasuwa.

An karɓi kankare da murna, domin an ce ba ya tsatsa, ba ya son fenti. Gaskiya ne ba ya son fenti, amma rodin da ke cikinsa ƙarfe ne. Idan kankare ya tsage ruwa ya shiga, rodi yakan yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki, kuma ido ba ya gani sai abin ya yi nisa. Ga shi da nauyi ƙwarai, har ya zama babban kason ƙarfin gada a kan ɗaukar kanta yake ƙarewa.

A wannan zamani ne kuma aka rarraba hanyoyi tsakanin hukumomi uku. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta Tarayya ce, kuma tun 2002 akwai hukumar FERMA da aka ɗora wa gyaran irinta. Wasu hanyoyin na jiha ne, Jihar Kaduna a da, Jihar Katsina tun 1987. Na ƙauyuka kuwa suna wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka fi kowa yawan kwalbatoci, suka kuma fi kowa ƙarancin injiniyoyi.

Abin da Ke Kashe Gada a Ƙasarmu

A Turai da Amurka babban abokin gaban shimfiɗar gada shi ne gishirin da suke watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara, wanda ke cin ƙarfe. Mu ba mu da wannan, ba mu kuma da iskar teku irin ta Ikko, ga rani mai tsawo. Don haka tsatsa tana yi mana sauƙi, sai inda ƙura da shara suka toshe magudanar gada, laima ta kwanta a kan ƙarfe. Namu cututtukan daban ne.

Na farko shi ne ruwa. Kogin da ke gudu a kan yashi yakan rarake gindin ginshiƙi, ko ya zagaya ya cinye ƙasar da ta haɗa gada da hanya. Sare itatuwa da ɗibar yashi kusa da gada suna ƙara wa ruwa ƙarfi. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 ta hallaka fiye da mutum 40. A 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu a hanyar Mokwa zuwa Jebba, ya datse babbar hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu, a watan Mayu 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta ci rayuka fiye da 150, ta tafi da hanyoyi da gadoji.

Na biyu shi ne lodi. Tun da jirgin ƙasa ya ja baya, siminti da taki da mai da hatsi duk suka komo kan kwalta. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kamar sau 16. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun amince da iyakar tan 11.5 a kan gatari guda, amma doka ba ta auna mota, sai an kafa sikeli an kuma sami mai gaskiya a bakinsa.

Na uku shi ne hannun mutane: ɓarayi masu kwance ƙarafan gefen gada su sayar wa 'yan gwangwan, da masu ƙona shara ko daji a ƙarƙashinta, da gobarar tankokin mai.

Sabon Kayan Gami

Yanzu sai mu zo ga sabuwar dabarar. Asalinta ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Magini ya san ƙasa ita kaɗai tana tsagewa, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma in an kwaɓa su tare sai a sami abin da ya fi kowannensu. Da wannan hikima ta haɗa azara da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. To haka injiniyoyin yau suke yi. Sukan ɗauki zaren gilashi, siriri kamar gashi amma mai wuyar tsinkewa, su jiƙa shi da ƙaron roba, su ja shi ta cikin zubi mai zafi, ya fito ya daskare ya zama allo mai ramuka a ciki kamar saƙar zuma. Danginsa ne abin da 'yan kasuwa ke kira faiba, wanda ake yin ƙananan jiragen ruwa da wasu tankuna da shi.

Amfaninsa na farko rashin nauyi. Mita ɗaya ta kowace fuska ta ƙarfe tana da nauyin kilo 7,850, ta kankare kimanin 2,400, ta wannan gami kuwa ba ta cika wuce 2,000 ba, ga shi kuma allon ba cikakke ba ne. Shi ya sa shimfiɗarsa takan zo wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ta kankare. Bari mu yi lissafi tare. A ce gada mai tsawon mita 30, faɗin mita 7, kaurin shimfiɗarta santimita 20. Kankaren da ke kanta ya kai tan 100. In aka musanya shi da allon gami, sai ya komo wajen tan 20. An sauke wa tsofaffin ƙarafa tan 80 ke nan, kusan nauyin tirela biyu da kayansu, waɗanda da suke tsaye a kanta dare da rana. Bugu da ƙari ba ya tsatsa, ana ƙera shi a masana'anta a kawo a ɗora cikin 'yan kwanaki, kuma ɗan gwangwan ba shi da abin da zai yi da shi.

Ƙasar Sin ce ta fara gwada shi a gadar mota, a Miyun kusa da Beijing, a 1982. A 1992 aka yi gadar ƙafa ta Aberfeldy a Sikotilan, mai tsawon mita 113, a 1996 kuma aka yi gadar mota ta farko da shi zalla a Amurka, a Jihar Kansas. Amma misalai biyu ne nake so mu tsaya a kansu, domin ɗaya ya yi kyau, ɗaya bai yi ba.

A Jihar New York akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe a kan rafin Bentley, mai tsawon kimanin mita 43, wadda nauyin kankare da kwaltar da aka yi ta liƙa mata ya sa aka hana motar da ta wuce tan 14 hawa. A 1999 aka kwashe shimfiɗar aka sa ta gami. Nauyin da aka sauke ya haura tan 200, aka ɗage hanin, kuma kuɗin da aka kashe bai kai rabin na sabuwar gada ba. Abin lura shi ne, sai da aka tabbatar ginshiƙai da ƙarafan suna da sauran ƙarfi kafin a fara.

Na biyu a birnin Portland ne, a Jihar Oregon. Gadar Morrison, wadda aka buɗe a 1958, tana ɗagewa a tsakiya don jiragen ruwa su wuce, saboda haka ba ta son nauyi. Shimfiɗarta ragar ƙarfe ce, ta gaji, ga santsi in an yi ruwa. Tsakanin 2011 da 2012 aka musanya ta da allunan gami. Ba a daɗe ba allunan suka fara tsagewa, ƙusoshin da suka riƙe su suka saki, aka taƙaita gudu da nauyin motoci, magana ta kai kotu, a 2017 kuma aka sake kwashe shimfiɗar baki ɗaya. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da injiniyoyi birjik. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ina Ya Dace da Mu?

Idan muka haɗa tarihinmu da waɗannan misalai, za mu ga iyakar abin. Shimfiɗa mara nauyi maganin gadar da ƙafafunta ke da lafiya ce, bayanta ya gaji. Ba ta hana ruwa rarake harsashi, ba ta auna tirela. Gadar da kogi ya ci gindinta, ko da auduga aka shimfiɗa mata za ta faɗi.

Sa'an nan akwai tambayoyin da yanayinmu ya ɗora. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, baƙar kwalta kuwa ta fi haka nesa, ƙaron roba kuma yana yin laushi in ya ji zafi, hasken rana yana cinsa a hankali, wuta tana kama shi. Wurin haɗa allo da ƙarfe shi ne lagonsa, kamar yadda Portland ta nuna. Farashinsa na farko ya fi na kankare, kuma da kuɗin waje za a sayo shi. In ya lalace, mai walda na bakin tasha ba zai iya masa komai ba. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Duk da haka ina ganin wurare biyu da ya cancanci a gwada. Na ɗaya, tsofaffin gadojin ƙarfe da ragowar gadojin soja da ke warwatse a Arewa, waɗanda katakonsu ko farantansu suka mutu alhali ƙarafansu na nan. Na biyu, gadojin ƙafa da na babura a ƙauyukan da ƙorama ke yankewa daga makaranta da kasuwa da asibiti kowace damina, inda babbar mota ba ta iya kai kayan aiki, amma mutane za su iya ɗaukar allo a ka. A nan ya kamata a fara, a sa ido shekara biyar ko goma, a rubuta abin da rana da ƙura suka yi masa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, da sassan injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, su ne suka dace da wannan aiki.

Kammalawa

Shugaban taro, bari in rufe da wani labari. Ran 15 ga Disamba 1967 wata gada da aka gina a 1928 a kan kogin Ohio na Amurka ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda, wadda zurfinta bai kai milimita 3 ba. Abin da ƙasar ta yi bayan haka shi ne abin koyi. Ta kafa ƙa'ida a 1971 cewa kowace gada da ke kan manyan hanyoyin da gwamnatin tarayya ke tallafa wa a shigar da ita rajista, a kuma duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Watau sun komo ga abin da maginin soro ya sani tun tuni.

Saboda haka ina da roƙo ga ma'aikatan gwamnati da ke nan. Kowace ƙaramar hukuma, Kankiya da Kusada da sauransu, ta buɗe littafi guda wanda za a rubuta kowace gada da kwalbati a ciki: inda take, shekarar da aka yi ta, da me aka yi ta, da wanda ke da alhakinta. A duba ta kafin damina a share magudana, a sake dubawa bayan ruwa ya ɗauke, a shiga ƙarƙashi a ga gindin ginshiƙi. A ba dagatai da masu unguwanni hanyar kai rahoto, domin su ne ke ganin ruwa ranar da ya zo. Wannan ba ya bukatar kuɗin waje, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma ɗalibai, musamman na tarihi da na injiniya, ga fage a buɗe. Takardun En'e da na Ma'aikatar Ayyuka suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma a garuruwanku akwai dattawan da suka yi aikin hanya da hannunsu. Ku je ku tambaye su inda mashigin ruwa yake a da, da shekarar da kogi ya fi cika, da inda ya taɓa canja hanya. Injiniyan da zai zaɓi shimfiɗar gobe, ta ƙarfe ce ko ta kankare ko ta zaren gilashi, yana bukatar wannan sani kafin ya ɗauki alƙalami.